Talatar da Ba Ta da Inuwa

Shekarar da aka raba Gongola biyu aka ba mu Taraba, ina da shekara goma ko kusa da haka. Da ita nake auna komai. In an tambaye ni yaushe na fara aikin gini, sai in ce shekara biyar bayan jiha. In an ce yaushe na yi aure, daga jiha nake fara ƙirgawa. Mutanen Jalingo da yawa haka suke yi, sai dai su abin da suke tunawa kiɗa ne da hon ɗin motoci. Ni taɓarya nake tunawa.

Gidanmu yana unguwar Mayo Gwoi, in ka fita ƙofa kana hango yashin rafin da unguwar ta ci sunansa. Mu huɗu ne a ciki. Akwai mahaifina, tela ne a kasuwa, ba ya dawowa sai magariba. Akwai kakata ta wajen uba, muna ce mata Maama. Sai ni, Buba, sai ƙanwata. Mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar ƙanwar tawa ina ɗan shekara huɗu. Ban riƙe fuskarta ba. Abin da na riƙe na wannan rana shi ne ƙamshin naman layya, domin ana cikin Babbar Sallah ne, da rediyon maƙwabcinmu yana ta kiɗan soja, manya suna cewa an yi juyin mulki.

An sa wa jaririyar sunan uwarta, shi ya sa ba mai iya kiran sunan a gidan. Mahaifina da danginsa suka riƙa ce mata Tasalla, tunda da Sallah ta zo. Maama ita kaɗai ta ƙi. Talatu take ce mata, ta ce ran Talata aka haife ta, ita Talatar ta sani. Yarinyar kuwa duka biyun tana amsawa. Wani lokaci ma in an kira ta da ɗaya sai ta ce ɗayar ce ke gida, ita ta fita.

Da damina ba a zama a tsakar gida, ƙasa a jiƙe take. A rumfar girki muke taruwa bayan sallar magariba, an sauke tukunya, wuta ta koma garwashi. Maama ta jera ɗanyar masara a gefen murhu tana juyawa da yatsu, kamar wutar ba ta jin ta. Hayaƙin itace yana korar sauro, yana kuma sa mu hawaye. Kwaɗi suna ta yi a rafi. Talatu takan shige jikin Maama ta lulluɓa da gefen zanenta, ni kuma aikina tura itace.

"Kai mijin banza, matso da wancan," in ji Maama. "Miji ke nan wai. Ko akuya bai kai gidanmu ba, sai ci."

"Ai na sake ki tun jiya," nakan ce.

"To ajiye masarata ka tafi."

Hausarta ta tallar nono ce, da girma ta koya. Mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, takan ce yarinyar ya tafi, kura ya zo. In magana ta yi mata nauyi sai ta zube cikin Fulatanci, mu bi ta da abin da muka tsinta. Kafin ta fara tatsuniya sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin ƙwarya sau uku.

"Kunnuwa suna gida?"

"Suna gida."

"Baki fa?"

"Ya tafi kiwo."

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura, na zomo, na makiyayin da saniyarsa ta yi magana. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai masara ta nuna. In ta fara ta, ba ta dariya a ciki.

Ta ce ranakun duniya 'ya'yan tsohuwa ɗaya ne, dukansu mata, gidansu yana can bayan duwatsun gabas. Kowace safiya ɗaya take fita, ta ratsa sama har yamma, ba ta sake samun fita sai shekara ta zagayo. Kowacce in za ta fita uwarsu takan ba ta baƙin zane ta riƙa ja a bayanta. Wannan zane shi ne inuwa. Shi mutane da dabbobi suke shiga su huta.

Wata rana aka zo kan wata daga cikinsu. Ta fita da zanenta, ta kai tsakiyar sama, sai ta hango wata mace a fili, naƙuda ta kama ta, ba bishiya ba bukka, shanu sun yi gaba. Ta duba hagu ta duba dama, ba mai taimako. Sai ta kwance zanenta ta saukar, ta rufe matar da shi. Ta ce in na juyo zan karɓa. Ta manta cewa rana ba ta juyowa. Ta isa gida ba zane, uwarta ta ce ba ni da wani, kowa nata aka ba ta. Da shekara ta zagayo ta fito ta zo wurin, ba mace ba jariri, sai kashin shanu da ya bushe.

"Tun daga nan," in ji Maama, "tsirara yake yawo. In ya kai tsakiya sai ya tsaya ya leƙa kowane gida. Yana leƙa tukunya, yana leƙa rijiya har ƙasa. Wa ya ga zanena? Wa ya ga zanena? In ya ga mutum a waje sai ya ɗaga inuwarsa ya duba ko tasa ce. Yawanci yakan mayar. Wani lokaci yakan manta. Wanda aka manta ba a mayar masa ba, ba ya kai gida."

Na taɓa tambayarta ko muguwa ce wannan rana.

"Ba mugu ba ne. Nema yake yi. Mai nema ba ya kallon abin da ya taka."

Talatu ta fito da kanta daga cikin zane, bakinta duk baƙin masara. "Ni zan ba ta tawa," ta ce. "Ƙarama ce, amma ta ɗaura a kai."

Maama ta buge mata baki da bayan hannu, ba da ƙarfi ba. "Tofar! Tofar da yawu yanzu!" Talatu ta tofa a garwashi, ya yi cuu, muka yi dariya ni da ita. Maama ta kife ƙwaryar ta ce ta sauke kayanta a nan, mai so ya ɗauka. Haka take rufe kowace tatsuniya.

Ita dai ba tatsuniya kawai ta ɗauke ta ba. In masara ta nuna, kullum da tsakar rana, in gajimare ya ba da hanya, sai ta share wani wuri a tsakar gida ta daidaita shi da tafin hannu, ta tsayar da taɓaryarta a kai. Taɓaryar mai faɗin gindi ce, tana tsayawa da kanta. Kwana bayan kwana inuwar tana gajarcewa, har a kai wasu 'yan kwanaki da za ta shige ƙarƙashi ta ɓace. Talatar da ta faɗo cikin waɗannan kwanaki ita ce ranar Maama. Ta ce a irinta mahaifiyarmu ta tafi, domin ita ta fito zubar da ruwa a wannan rana, ta ga taɓarya a tsaye a turmi ba inuwa. In ranar ta zo ba mai fita daga gida sai an kira la'asar. Sannan ta dama fura ta ba yaran maƙwabta sadaka.

Baffa Sa'adu, yayan mahaifina, malami ne a unguwar Barade, kuma abin nan ba ya yi masa daɗi. Shi duk Babbar Sallah yake zuwa a yi wa mahaifiyata addu'a.

"Dada," yakan ce mata, don haka suke kiran uwarsu, "da Sallah yarinyar nan ta rasu. Kowa ya sani. Ga 'yarta nan, sunanta ma Tasalla."

"Sallarku yawo yake yi," in ji Maama. "Wancan shekara da ruwa ya zo, yanzu ga shi yana gudu wajen zafi. Ni abin da ba ya yawo nake bi."

Baffa ya girgiza kai ya ce Allah ya shirya. Ita kuma ta ce amin, har da shi.

A shekarar jiha, an yi kwanaki gari yana ta raɗe-raɗi cewa shugaban soja zai yi jawabi, wataƙila a ba mu jiharmu. Daren Litinin an kwana ana walƙiya can kan duwatsu, amma mu ko ɗigo ba mu samu ba. Talata gari ya waye tas. Mahaifina ya tafi kasuwa tun da safe, shi Maama ba ta iya hana shi. Da rana ta take, ta share wurinta ta tsayar da taɓarya.

"Mijina, zo ka zama shaida."

Na zo. Na zagaya taɓaryar sau biyu. Babu komai a ƙasa, ko siririn baƙi. Na dubi ƙafafuna, tawa inuwar ta dunƙule a ƙarƙashina kamar ƙaramin faranti. Talatu tana ta tsalle don ta ga tata.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Faɗa da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

"Na gani, Maama."

"To yau ne. Ba mai taka waje sai la'asar."

Ta ɗaure ƙofar zana da igiya, ta yi sallar azahar, ta ɗan kishingiɗa saboda ciwon gwiwa. Barci ya ɗauke ta. Can na ji mutane suna wucewa ta bayan gida, ana cewa an taru a hayin rafi gaban wani shago mai babbar rediyo. Akwai wata ɓaraka a zanarmu ta bayan turken awaki. Ta nan na fita.

Ruwan Mayo Gwoi a ranar bai kai mini gwiwa ba. Na haye, ina hawa gaɓa, sai na ji murya a bayana.

"Hamma! Hamma, jira ni!"

Na waiga. Talatu ce, haka take kirana, wato yaya da Fulatanci. Tana tsaye a wancan bakin, da guntun masarar jiya a hannunta.

"Koma gida!"

"Ni ma zan ga jiha."

Na ɗauki hoge na jefa kusa da ita, don ta ji tsoro. Ta tsaya tana kallona. Na juya na bi mutane. Ban sake waigawa ba.

A gaban shagon ba abin da na ji sai kiɗa da gardamar manya. Na daɗe a tsaye, na gaji, na juyo. Da na iso, rafin da na bari ba shi na tarar ba. Ya cika gaɓa da gaɓa, jajawur, yana tafe da karan masara da wani ƙyauren gida. Ruwan da aka yi a duwatsu ne ya sauko, alhali sama garau take a kanmu. Haka Mayo Gwoi yake yi, kowa ya sani, ni ma na sani. Sai da na zagaya ta gada. Na tarar da Maama a ƙofar gida ba ɗankwali.

"Ina Talatu?"

Na ce ban sani ba.

Aka aika kasuwa aka kira mahaifina. Maza suka bi gaɓa da sanduna, mata suna kiran sunayenta duka biyu. Ban san lokacin da aka faɗa a rediyo ba. Mu dai muna bakin ruwa muka ji gari ya ɗauka gaba ɗaya, ganguna, guɗa, hon ɗin motoci. Wani mutum a kan babur ya tsaya kusa da mu yana ɗaga hannu. "An ba mu! Jalingo ce hedikwata!" Sai ya ga fuskokin mutane. Ya kashe babur ɗinsa, ya naɗe wando, ya shiga nema tare da mu. Har yau ban san sunansa ba.

Washegari da safe aka same ta can ƙasa, a gefen wata gonar shinkafa. Yashi ne cike da gashinta, takalmi ɗaya a ƙafarta. Na tsaya ina jiran kuka ya zo mini, bai zo ba. Yunwa ce ta zo. Na ci tuwon da maƙwabta suka kawo, na cinye, na wanke hannu.

Ranar addu'ar uku, maza suna zaune a tsakar gida a kan tabarmi, mata suna rumfa. An shafa fatiha ke nan sai Maama ta yi magana daga inda take, da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Rana ɗaya ne. Ranar da ya ɗauki uwar, shi ya dawo ya ɗauki 'yar."

Baffa Sa'adu ya gyara zama.

"Dada, ki yi istigfari. Rana ba ta kashe kowa, ajali ne."

"Ban ce ya kashe ba. Na ce rana ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ce, Dada. Uwar da Babbar Sallah ta rasu. Yanzu kuwa watan Safar muke ciki. Wata biyu ne tsakani, ki tambayi kowa a nan."

Mutane suka gyaɗa kai, domin gaskiya ya faɗa. Maama ta miƙe da ƙyar ta dafa ginshiƙin rumfa.

"Ina da shaida. Na tsayar da taɓarya, ba inuwa. Buba ya gani. Buba, faɗa musu."

Duk aka juyo gare ni. Mahaifina ma ya ɗago kai, karo na farko a kwana uku. A cikin wannan ɗan lokaci na yi lissafi irin na yaro. In na ce na gani, za a ce to ka ji an hana fita. Daga nan za a ce wa ya buɗe hanya, wa ta bi. Ba wanda ya san ta kira ni a bakin rafi. Ba wanda ya san da hogen.

"Ban ga komai ba," na ce.

Maama ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce ƙarya nake yi ba. Ta koma ta zauna.

Daga ranar aka fara cewa tsufa ya taɓa ta. Da farko a hankali ake faɗa, daga baya a gabanta. In ta ce an yi kaza, sai a ce to, Dada, to, irin yadda ake amsa wa yaro. Wata gwaggona ta ɗauke taɓaryar ta kai gidanta, wai don kada tsohuwa ta riƙa tsayawa a rana. Muka ci gaba da zama a rumfa bayan magariba ni da ita. Takan gasa masara ta miƙo mini. Ludayin yana nan, ƙwaryar tana nan, ba ta sake ƙwanƙwasawa ba. Ba ta sake ce mini mijina ba. Buba, tura itace. Buba, je ka kwanta. Shekara huɗu muka yi a haka, sannan ta rasu. Ko sau ɗaya ba ta tambaye ni dalili ba.

Na girma na zama birkila. Mai gini ya san inuwa fiye da kowa, don ita yake nema in rana ta take. Kowace shekara, in masara ta nuna, akwai kwanakin da zan sauko daga kan katanga in rasa inda zan fake, bango a tsaye amma ba abin da ya zubar a ƙasa. Nakan gani, in kawar da kai, in ci gaba da aiki. Wannan ɓangaren na san gaskiyarta ne tun ina yaro. Ɗaya ɓangaren, cewa ranar mahaifiyata da ranar Talatu ɗaya ce, shi na bar wa Baffa. Malami ne, yana da lissafi. Kuma in Maama ta ruɗe a wannan, to ƙaryata ta ɗan yi sauƙi.

Ban yi boko ba. Babbar 'yata ce ta matsa mini in shiga ajin manya, ta ce ta gaji da karanta mini saƙon waya. Muna zama bayan la'asar a wata firamare a unguwar Majidaɗi, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna taɓa tebur. Malama Saratu ce ke koya mana, yarinya ce 'yar Mumuye, mai haƙuri da mu. Ni ba na sauri. Harafi ɗaya yakan ɗauke ni mako, amma in ya zauna ya zauna.

A shekarata ta biyu a ajin, wata rana da damina, ta shigo ta rubuta a allo, ta ce in karanta. Na bi a hankali da yatsa daga nesa. 27 ga Agusta.

"Wa ya san abin da ya faru a irin wannan rana?"

Kusan kowa ya ce jiha. Ta ce haka ne, yau shekara talatin da uku. Ta ce kwanan wata kamar gida ne mai ɗakuna, shekaru suna shiga suna fita, abubuwa da yawa sukan taru a rana ɗaya. Sai wani dattijo da muke ce wa Baba Soja, Bajukune ne, tsohon soja, ya ɗaga sandarsa daga bayan aji.

"Malama, ni sau biyu na san wannan rana. Kafin jiha da shekara shida, a ranar nan aka yi juyin mulki. Muna bariki, maƙwabtana Musulmi sun aiko mini da naman Sallah, ko baki ban kai ba aka ce kowa ya sa kaki. Har yau ina bin gwamnati wannan nama."

Aji ya fashe da dariya. Ya ce ai shi ya sa aka zaɓi ranar don ba da jihohi, mulkin ne ya cika shekara shida.

Ni ban yi dariya ba.

"Baba, ka ce naman Sallah?"

"Babbar Sallah, ɗana. Rago guda na gani da idona."

"Malama," na ce, "don Allah duba mini a wayarki. Wannan juyin mulki, wace rana ce a mako?"

Ta duba. "Talata."

"Ta jiha fa?"

Ta sake dubawa, ta ɗan yi murmushi. "Ita ma Talata. Kai, yau ma ai Talata ce."

Aka sake yin dariya. Na tambaye ta yaya rana ɗaya za ta zama Sallah a wata shekara, ta zama Safar a wata. Ta ce shekarar wata ta fi ta rana gajarta da kwana goma sha ɗaya ko kusa, shi ya sa Sallah take matsowa baya kowace shekara. In an tara na shekara shida, wata biyu ne da 'yan kwanaki. Ta zana mini a allo. Wata biyun Baffa ne, ga su nan a rubuce. Bai yi kuskure ba. Ita ma ba ta yi ba.

"Baba Buba, lafiya?" in ji Malama.

Na ce lafiya lau. Na kwafe abin da ke allo a littafina, harafi bayan harafi, har aka tashi.

Daga makaranta ban je gida ba, Barade na wuce. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, gwaggon da ta ɗauke taɓarya ma haka. Cikin waɗanda suka zauna a tabarmin nan Baffa Sa'adu kaɗai ya rage. Na same shi a zaure an jingina shi da matashi, idonsa ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana sau biyu.

"Baffa, na zo ne a kan maganar Maama. Ranar addu'ar Tasalla. Ta ce ta tsayar da taɓarya ba inuwa, ta ce ni ne shaida."

"Wa?"

"Dada. Dadarku."

"Allah ya jiƙan Dada."

"Amin. Baffa, na gani. A ranar na gani. Ƙarya na yi. Kuma rana ɗaya ce, an duba mini."

Ya riƙa motsa baki. Na zaci zai yi faɗa, na ma so ya yi.

"Wace Tasalla?" ya ce.

Jikarsa ta leƙo ta ce an kusa kiran magariba, za a yi masa alwala. Na yi masa sallama na fito.

Washegari ban je aiki ba. Da rana ta kusa tsakiya na ce wa matata ta ara mini taɓaryarta.

"Gini ya ƙare ne, Malam, ka koma daka?"

Na ce ta dai ba ni. Na share wuri a tsakar gida, na daidaita shi, na tsayar da ita, na gwada da igiyar awona don kada ta karkata. Gajimare ya rufe, na zauna na jira. Da ya buɗe na tashi na zagaya ta sau biyu. Matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Me kake nema a ƙasa?"

"Zo ki duba. Kin ga inuwa?"

Ta zo ta leƙa. "Babu. Ikon Allah. To sai me?"

Na ce ba komai.

Na tambayi tsofaffin Fulani da dama ko sun san tatsuniyar ranar da ta ba da zanenta. Ba wanda ya taɓa jin ta. Yanzu ina ganin Maama ce ta ƙirƙira ta da kanta, bayan ta rufe mahaifiyata da zane ta ɗauki jaririya. Ba ta san Agusta ba, ba ta san lamba ko ɗaya ba. Tana da taɓarya da sunan yarinya, da su ta riƙe kwanan watan da malamai da masu rediyo suka bari ya wuce. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana cewa ne a ji tsoron wata rana. Baffa ma haka ya ɗauka, shi ya sa ya ce ta yi istigfari. Amma ita ba ta taɓa cewa ranar muguwa ce ba. Abin da take so kawai shi ne wani ya tsaya kusa da ita ya ce shi ma ya gani.

Ban ji sauƙi ba da na gane, ban kuma ji wani sabon ciwo ba. Kamar dai an nuna mini inda bango ya tsage ne a gidan da aka riga aka rushe.

Malama ta ce kowa ya rubuto abin da ya sani game da wannan rana. Wasu sun rubuto sunan jiha da na ƙananan hukumomi. Ni ga abin da na kai mata, ta gyara mini harafi biyu.

Uwa ɗaya. Ƙanwa ɗaya, shekararta shida cif, ba ƙarin kwana ko ɗaya. Takalminta ɗaya, ba a gan shi ba. Taɓarya ɗaya. Tatsuniyoyin Maama, ban san yawansu ba, ɗaya ce ta rage mini. Shekara huɗu da ta yi ana ce mata ta ruɗe. Kalma biyu, na gani, na riƙe su shekara talatin da uku, da na kai ba mai karɓa.